Tabon da Ke Ƙeyar Hajiya

Kada ka ce mini ba ka taɓa gani ba. Ka sha shiga shago, mutumin da ya isa ya haife ka ya rusuna ya ce maka "ranka ya daɗe", ka ji daɗi har cikin ɓargonka, ka fito kana yabon tarbiyyar mutanen wurin. Ka kuma ga lokacin da bakinsa ya motsa zai faɗa maka wani abu, ya saci kallon maigidansa, ya haɗiye maganar. Ka gani sarai, ka mayar da idonka kan wayarka. Ke ma da kike karantawa kina gyaɗa kai, har da ke. Tun da kun saba kau da kai, yau ku zauna ku dubi wannan har ƙarshe.

Shagon kitso ne a saman bene, bisa wani kantin sayar da labule. Kujeru uku a gaban dogon madubi, bahon wanke kai a lungu, fanka mai ƙara a sama, da ƙyalle mai kauri a bakin ƙofa don kada namiji ya leƙo. Mai shagon, Anti kowa ke kiranta. A kan tabarma ta fara kitso a ƙofar gidan haya, ta yi ta tarawa har ta kai ga wannan benen, kuma ta yi imani ladabi ne ya hau da ita matakalar.

Duk yarinyar da ta ɗauka aiki, kafin ta ba ta tsinke sai ta zaunar da ita. Baƙuwa in ta shigo, a miƙe, a rusuna. Ba a ce mata "ke" tsirara, sai an sa "ranki ya daɗe" a gaba. Ba a ce mata a'a, sai dai "za a duba". Ba a fara yi mata magana sai ita ta fara. Sannan babbar dokar, wadda Anti kan rage murya in za ta faɗa.

"Mace in ta cire ɗankwali a gabanki, amana ta ba ki. Za ki ga furfurar da take ɓoye wa miji. Za ki ga sanƙo. Za ki ga tabon duka a kan matar da ake wa kallon ta ji daɗin aure. Idonki ya gani, hannunki ya gyara, bakinki ya yi shiru."

Ba dokar banza ba ce, kuma ban ce Anti muguwa ce ba. Mata da yawa don wannan shirun suke hawa benen. Akwai yarinyar da ta taɓa ce wa wata baƙuwa tana da amosanin kai, a gaban jama'a. Ba ta kai yamma a shagon ba.

Cikin masu kitson akwai wadda ake kira Bahaguwa, saboda da hagu take riƙe tsinke. Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu, tana zaune da su da mahaifiyarta a ɗaki da falo. Hannunta ba shi da zafi. Shi ya sa Hajiya, babbar baƙuwar shagon, ba ta yarda kowa ya yi mata kitso sai ita. Hajiya dattijuwa ce mai yawan fara'a da yawan ƙawaye, kuma kusan duk manyan matan da ke zuwa wurin Anti ita ta kawo su.

Wata rana Bahaguwa tana tsaga gashin ƙeyar Hajiya sai ta ga wani baƙin tabo, bai kai ƙwayar wake ba, can ƙasa wajen da kai ya haɗu da wuya. Ta yi abin da kowace mai kitso ta shagon aka koya mata. In an ci karo da ƙurji ko ciwo, ba a magana, sai a karkata tsagar ta kewaye shi, a kwantar da gashi a rufe wurin. Ta karkata tsagar kaɗan, ta gama aikinta.

Da Hajiya ta dawo bayan 'yan makonni, tabon yana nan, ya ƙara faɗi. Bahaguwa ta ƙara karkata tsagar. Zuwa na gaba bakinsa ya daina zama a zagaye, ya yi wani tsage-tsage, tsakiyarsa ta ɗan taso. Tsagar ta ƙara lanƙwasa, har ta zama wani salo, layi ya taho daga kunne ya yi baka ya sauka gefen wuya.

Hajiya ta sa aka riƙe mata ƙaramin madubi ta gefe, ta ce, "'Yata, wannan sabon yayi ne? Ya yi kyau wallahi."

"Na gode, ranki ya daɗe."

Ba a jima ba ƙawayen Hajiya suka fara hawa benen suna cewa a yi musu irin tsagar Hajiya.

Bahaguwa ta fara kai maganar wurin abokiyar aikinta, wadda ake kira Rediyo don bakinta ba ya mutuwa sai baƙuwa ta shigo. Suna wanke tawul a baho, shagon ba kowa.

"Kin lura da ƙeyar Hajiya in kina wanke mata kai?"

"Tawadar Allah ce. Ke dai kin cika sa ido."

"Tawadar Allah tana girma ne?"

"Komai na masu hali girma yake yi, har tawadarsu." Rediyo ta matse tawul ta yi dariya, ta ga ita kaɗai ke yi, ta bari. "Na gani. Ina kauce masa da yatsa in ina cuɗawa. Amma ki rufa mana asiri, ni ban shirya komawa tallan sabulu ba."

Sai ta je wurin Anti. Ta same ta tana goge madubi da tsohuwar jarida.

"Anti, ina da magana."

"In hutu ne babu."

"Kan Hajiya ne. Akwai wani abu a ƙeyarta."

Anti ba ta daina gugar ba. "Na riga ki gani."

"Yana girma, Anti."

"Matar da likita ke zuwa har gida ya auna mata jini? Ke ce za ki gaya mata abin da ke jikinta?"

"Likita ba ya tsefe mata kitso. Kullum wurin a rufe yake, ni nake rufe shi."

Anti ta ajiye jaridar ta juyo. Ba faɗa ta yi ba, a hankali ta yi magana, kuma a fuskarta akwai tsoro. "Saurara. In kika faɗa ya zamo ba komai ba, kin tsorata baiwar Allah a banza, kin kuma nuna mata ƙare wa kanta kallo muke yi. In ya zamo wani abu ne, me za a ce? A shagon Anti ta ɗauka. Tsinkensu ne, matajinsu ne ba sa wankewa. Kafin sati ya zagayo babu mai hawa benen nan. Ke kina da 'ya'ya, Rediyo tana da ƙanne, ni ina da haya. Allah ya ba ta lafiya, shi ne namu. Kin ji ni?"

"Na ji, Anti."

Ta ji, amma abin ya ƙi barinta. Tana cikin motar haya sai ta kama kanta tana kallon ƙeyar matar da ke gabanta. Tana yi wa 'yarta wanka sai ta tsaya tana buɗa mata gashi, har yarinyar ta ce, "Mama, ruwan ya huce." Saboda haka da Hajiya ta sake zuwa, ta jira Anti ta sauka ƙasa karɓo saƙo, ta sunkuya kusa da kunnen Hajiya.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni, ba wai wani abu ba ne."

"Mene ne, 'yata?" Idon Hajiya na kan wayarta.

"Dama cewa na yi, ranki ya daɗe, ko in an samu sarari, ba da gaggawa ba, ko za a ɗan sa a duba wajen nan ta baya. Ƙila ma zafi ne kawai. Ba komai ba ne in Allah ya yarda."

"Ai kuwa yana mini ƙaiƙayi wani lokaci. Man nan naku ne, ya cika ƙarfi. Ki rage shi."

"To, ranki ya daɗe."

Aka ji takun Anti a matakala. Magana ta ƙare.

Ku gaya mini, ta faɗa ko ba ta faɗa ba? Ta naɗe maganar da ban haƙuri, ta ƙara naɗe ta da girmamawa, ta ɗaure da "ba komai", ta miƙa. Hajiya ta karɓi ƙunshin, ta ji laushinsa, ba ta san akwai wani abu a ciki ba. Haka aka koya mata magana da manya, kuma ba a taɓa koya mata wata hanyar ba. Mu kuma da muke zaune a kujera, irin wannan maganar muke so, ita muke yabo.

Bayan wani lokaci Hajiya ta bugo wa Anti waya. Anti ta ajiye wayar ta ce wa Bahaguwa, "Gobe Hajiya za ta zo. 'Yarta ta kusa haihuwa, za ta tafi wurinta, kuma garin da nisa, za ta daɗe. Ƙananan kitso take so, masu ƙarko, waɗanda ba za ta tsefe da wuri ba. Ki zo da hannunki na kirki."

Bahaguwa ta ce to. Da aka tashi aiki ta koma gida.

Ta tarar da Inna, mahaifiyarta, tana ninke kayan makarantar yara a falo. Inna ta yi shekaru tana girki a gidajen manya kafin ƙafa ta hana ta. Kallo ɗaya ta yi wa 'yarta.

"Wa ya mutu?"

Bahaguwa ta zauna a ƙasa ta ba ta labari, tun daga ƙwayar wake har zuwa wayar yau. Inna ta saurara tana ninki.

"Na yi aiki a gidajen mutanen nan har bayana ya ranƙwafa," in ji Inna. "Ban taɓa gaya wa uwar gida abin da ba ta tambaye ni ba. Na ga abubuwa, na dawo gida da su a cikina. Da haka na ciyar da ku."

"Da a ƙeyarki yake fa, Inna?"

"Da kin faɗa tun kafin ki ajiye tsinke, da wannan bakin naki."

"To me ya raba ku?"

"Ni ba ni da ikon korarki." Inna ta ajiye rigar da ke hannunta. Can sai ta juya baya ta zame ɗankwalinta. "Zo ki duba mini tawa, tun da kin tayar mini da hankali."

Bahaguwa ta matso ta buɗa furfurar, layi bayan layi. "Babu komai, Inna. Sai taurin kai."

"Gidanku." Inna ta mayar da ɗankwalin, ta daɗe tana ɗaurawa. "Ni ban ce ki faɗa ba, ban ce ki bari ba. Yaran nan dai su biyu ne, kuma ƙafata kin ga yadda take."

Washegari shagon ya cika. Mata biyu na zaune a sauran kujerun, ɗaya a hannun Rediyo, ɗaya a hannun Anti, kuma dukansu tsagar Hajiya suka ce a yi musu. Hajiya ta shigo da ƙamshinta da fara'arta, kowa ya miƙe.

"Barka da zuwa, ranki ya daɗe."

"Ranki ya daɗe, an zo lafiya?"

Ta zauna ta cire ɗankwali ta miƙa wa Bahaguwa, ta ce, "Yau sai kin yi haƙuri da ni, 'yata. Ki ja su da kyau, ba na son in je can in shiga neman mai kitso a garin da ban san kowa ba."

"To, ranki ya daɗe."

Aka tsefe tsohon kitson, Rediyo ta bar baƙuwarta ta wanke kan, aka busar. Bahaguwa ta yafa wa Hajiya farin tawul a kafaɗa, ta ɗauki mataji ta fara daga goshi, tana jinkirta isa baya kamar mai tsoron kare a lungu. Da ta ɗaga gashin ƙeyar, abin ya fi farcen babban yatsanta. Haƙorin matajin ya ɗan shafe shi, shafa kawai. Ɗigon jini ya gangaro wuyan Hajiya ya sauka a kan tawul.

Hajiya ba ta ji ba. Tana ba matar da ke gefenta labarin kayan jariri.

Bahaguwa ta ɗaga ido. A cikin madubi ta haɗu da idon Anti. Anti ta bar kan da take yi, ta ɗauko wani tawul mai duhu, ta zo da murmushi.

"Ranki ya daɗe, bari a canza miki, wannan ya jiƙe."

Ta zare farin ta dunƙule shi a hannu, ta shimfiɗa mai duhun, ta dangwale wuyan da gefensa kamar mai share ruwa. Da za ta wuce ta taka ƙafar Bahaguwa a hankali, ta koma wurin aikinta.

Bahaguwa ta ɗauki tsinke. Ta ja tsagar daga kunne, ta lanƙwasa ta, ta kewaye wurin. Hannunta ya san hanyar, ba ya bukatar ta. Ta kama gashi ta fara kitsawa, ƙanana, a matse, yadda aka ce. Layi na farko ya sauka. Ta fara na biyu. Wanda ke biye da shi ne zai kwanta a kan tabon, kuma in ya kwanta, babu idon da zai sake ganin wurin sai bayan an yi suna, an gama wankan jego, an yi duk abin da ake yi. Fanka na ta ƙara. Ta tuna ƙafar Inna. Ta tuna takalmin ɗanta da ya buɗe baki. Ta kitsa kaɗan, ta kwance, ta sake kamawa.

"Yau hannunki ba ya sauri," in ji Hajiya. "Ko ba ki karya ba?"

Bahaguwa ta saki gashin. Ta soke tsinken a aljihun rigar aikinta, ta zagayo gaban kujerar, wurin da mai kitso ba ta tsayawa. Ta durƙusa dab da gwiwar Hajiya, ta yi ƙasa da murya don kada sauran su ji, amma shagon ya riga ya yi tsit.

"Hajiya, ki saurare ni. Akwai baƙin tabo a ƙeyarki. Da na fara ganinsa ƙarami ne, yanzu ya fi farcena, kuma kamanninsa sun canza. Yau ya yi jini. Ni ban san ko mene ne ba. Ki je asibiti a duba shi kafin ki yi tafiyar nan."

Anti ta riga ta iso. "Ranki ya daɗe, a yi mata afuwa, yarinta ce, ba ta san yadda ake..."

Hajiya ta ɗaga hannu ba tare da ta dube ta ba. Fara'ar ta bar fuskarta gaba ɗaya. Ta kai yatsu ƙeyarta ta lalubo, ta dawo da su ta duba. Sannan ta buɗe wayarta ta miƙa wa Bahaguwa.

"Ɗaukar mini hotonsa."

Bahaguwa ta koma baya, ta ɗaga gashin, ta ɗauka. Na farko bai fito ba, ta sake. Hajiya ta karɓa ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta daɗe tana kallo. Matar da ke kujerar gefe ta shiga gyaran zoben hannunta.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Hajiya."

"Ranar da kika ce mini zafi ne, wannan kike nufi?"

"Shi ne."

"Tsagar nan da kike karkatawa fa?"

Bahaguwa ta sunkuyar da kai. "Kewaye shi nake yi."

"Ni kuma ina yawo da ita gidajen biki, ina juya wa mutane ƙeya su gani." Hajiya ta kife wayar a cinyarta. Ta dubi Rediyo ta cikin madubi. "Ke mai wanke mini kai, kin gani?"

Rediyo ta saki gashin da ke hannunta. Ta gyaɗa kai.

"Ke fa?" Da Anti take.

"Ranki ya daɗe, wallahi ba mu so mu tayar miki da hankali ba ne, kin san irin girman da..."

"Eh ko a'a."

"Ranki ya daɗe..."

"Kullum kuna yi wa raina addu'ar daɗewa, kuna tsaye a bayana kuna kallon wannan." Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ga Bahaguwa. "Tsefe abin da kika yi."

Bahaguwa ta tsefe layi ɗaya da rabin. Hajiya ta karɓi ɗankwalinta ta ɗaura da kanta, abin da ba ta taɓa yi a shagon ba, ta ɗauki jakarta. Ba ta yi wa kowa sallama ba, ba ta kuma ce wa Bahaguwa ta gode ba. Aka ji takunta yana sauka a hankali, tana dafa bango.

Anti ta koma ta ƙarasa kan baƙuwarta, da "ranki ya daɗe" a duk inda ya kamata. Matar ta ce a bar tsagar nan, a yi mata miƙaƙƙiya. Sai da shagon ya watse Anti ta kira Bahaguwa. Ba ta zage ta ba. Ta ma riƙe mata hannu.

"Na ga kwanan nan kin gaji. Ki ɗan je gida ki huta, zan neme ki."

"To, Anti."

Rediyo ta raka ta har ƙasan bene, riƙe da ledar da ta zuba tsinkayenta da rigar aiki. "Kin dai san 'zan neme ki' ɗin Anti."

"Na sani."

"Da kin bari ta fita, ki bi ta mota ki faɗa mata a can."

"Da na rufe wurin, da ban faɗa ba. Na san kaina."

Rediyo ta miƙa mata ledar, ta tsaya tana kallon titi. "Ni dai da ba zan iya ba."

Da ta isa gida da rana tsaka, Inna ta dubi ledar, ta dubi fuskarta. Ta matsa mata a kan tabarma ta ce, "Zauna. Akwai sauran abinci a tukunya."

Labarin da ya biyo baya daga bakin Rediyo ya zo, ta waya, ita kuma daga direban Hajiya ta ji. Hajiya ba ta yi tafiyar ba. Daga shagon asibiti ta wuce. An yanke wurin an aika a bincika, kuma likitan ya tambaye ta me ya sa ta zauna da shi har ya kai haka. Abin da binciken ya nuna, direba bai sani ba, Rediyo ba ta sani ba, ni ma ban sani ba. Hajiya ba ta sake hawa benen ba, wasu cikin ƙawayenta ma sun ɗauke ƙafa. Anti ta ɗauki sabuwar yarinya, ta zaunar da ita, ta karanta mata dokokin nan ba tare da ta cire ko ɗaya ba. Bahaguwa tana kitson 'yan makaranta a ƙofar gida, a kan tabarma, duk sanda waya ta yi ƙara sai ta duba ko Anti ce.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce Allah sarki, ku ce Anti ba ta kyauta ba, ku rufe shafin. Ba Anti kaɗai ta rubuta dokar nan ba. Ta rubuta ta ne da irin fuskar da muke yi in mai aiki ya gaya mana abin da ba mu so ji ba, da irin shagunan da muka daina zuwa saboda an faɗa mana gaskiya babu zuma a kai. Ban ce a daina gaisuwa ba, ban ce a daina girmama na gaba ba. Cewa nake mai kitso da mai aski da tela da makaniki suna tsayawa a wuraren da idonmu ba ya kaiwa, mu kuma mun ɗaure musu baki da hannunmu.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba gobe ba. In shago gare ka, tara ma'aikatanka yau ka gaya musu cewa duk wanda ya ga abin da zai cuci baƙo ya faɗa masa a fili, a keɓe, da kalmomin da ba za a kasa fahimta ba, kuma aikinsa na nan. In kuwa ke ce mai zama a kujera, kafin a sa miki tsinke a kai, juya ki dubi wadda ke tsaye a bayanki, ki ce mata: duk abin da kika gani ki gaya mini, ba zan yi fushi ba, ba kuma zan kai ƙararki ba. In ta faɗa, ki cika alkawarin.